A Ba Furannin Karkara Fili a Jarida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka baki ɗaya, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai jaridunmu na Hausa suke waiwayarsa ba, wato furannin itatuwa da tsirran da muke zaune a tsakiyarsu, da kuma amfanin ɗaukar hotonsu a lokacin da kowanne yake fitowa. Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim a Jihar Jigawa, kuma yau shekara shida ke nan ina wannan aiki da wayar hannu da ƙaramin littafin rubutu.

Abin da ya jawo ni cikinsa ya faru ne da farkon wata damina, lokacin da jikata ta zo hutu daga Kano. Ta tsinto wani farin abu mai taushi a gindin kukar da ke bayan masallacinmu, yana da tuntu a tsakiya kamar na hular yara, gefensa ya fara komawa ruwan ƙasa, ta kawo mini tana tambaya ko mene ne. Na ce ta kai wa samarin da ke zaune a ƙofar gida su gaya mata. Su bakwai ne, dukkansu haifaffun garin, kusan dukkansu kuma sun bi ta ajina, amma babu wanda ya iya cewa furen kuka ne, alhali da wuya a kwana biyu ba su ci tuwo da miyar kuka ba. Sai da wani dattijo ya zo wucewa ya ce da ita, "Jikalle, ai kumbali ke nan." Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin na shekara fiye da talatin ina zana fure a allo daga cikin littafi, ina sa yara su haddace sassansa, amma ban taɓa fita da su zuwa gindin wannan kuka ba, ga ta kuwa ana hango ta daga tagar aji. Laifin samarin kaɗan ne idan aka gwada da nawa.

Daga nan na lura cewa mun raba abu ɗaya gida biyu a bakinmu. Idan aka ce fulawa, zuciya takan tafi gidajen masu hali da harabar ofisoshi a Kano ko Dutse, inda ake shuka tsirran da aka kawo daga nesa, a ɗauki mai ba su ruwa, a riƙa daidaita su da almakashi. Idan kuwa aka ce fure ko huda, sai a tuna gona, kuma manomi ba ya kallonsa sai don ya ƙiyasta abin da zai samu da kaka. Ba na ƙin baƙin tsirrai. Bogenbiliya, fulawar nan mai ƙaya wadda takan lulluɓe katanga, asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma ta karɓi ƙasarmu hannu bibbiyu saboda juriyarta ga ƙishi. Darbejiya ma, wadda yanzu babu ƙauyen da ba ta, baƙuwa ce daga yankin Indiya, kuma ta Barno ta shigo Nijeriya a 1928. Abin da yake damuna shi ne yadda muka yarda cewa kyau yana wajen baƙo kaɗai, na gida kuwa abinci ne, ko magani, ko itacen girki.

Lambuna ba wani babba ba ne. Ɗan fili ne a bayan ɗakina wanda na kewaye da darni saboda awaki, kuma mafi yawan ruwan da yake sha da rani ruwan alwala ne da na ɗaurayar kwanuka, waɗanda na gyara musu hanya suke gangarawa can maimakon su bi rariya su ɓata lungu. A ciki akwai lalle da zogale da kariya guda biyu, akwai bogenbiliya da na samo reshenta daga wani gida a Dutse, sannan da damina nakan ƙara yakuwa da kuɓewa, in bar duma da kabewa su hau darni. Sauran abin da nake ɗauka yana waje: gonakinmu, bakin fadama, da itatuwan da kakanninmu suka bari a tsaye.

Abu na farko da littafina ya koya mini ya saɓa wa abin da na taso ina zato. Na ɗauka damina ce lokacin fure, rani kuwa lokacin ƙura da bushewa. Ashe manyan itatuwanmu da yawa sai ƙasa ta bushe ƙayau suke huda. Cikin sanyin Disamba da Janairu mangwaro yakan cika da huda har ganyensa ya kusa ɓacewa, ƙudan zuma su yini suna kuka a kansa, rimi ma a wannan lokaci yake nasa bayan ya zubar da ganye. Na taɓa tafiya kudancin Kano, wajen Dajin Falgore, a irin wannan lokaci, na ga gurjiya tsaye babu ganye ko ɗaya, sai jajayen furanni masu kauri a kan rassa, a ƙasa kuma, inda wutar daji ta bi ta bar toka, ga furen rawaya ya faso daga cikin baƙar ƙasa ba tare da kara ko ganye ba. Daga saiwar wannan tsiro ake samun rinin da ya ba launin rawaya sunansa, kuma na tabbata yaranmu da yawa suna faɗin kalmar kullum ba su san tsiro ba ne.

Amma idan aka ce in zaɓi itace ɗaya da ya isa a yi masa shafi guda, ɗorawa zan zaɓa. Wajen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da sanyi yake ja da baya zafi yana kunno kai, sai ka ga wasu ƙananan dunƙule-dunƙule sun sauko daga rassa a kan dogayen igiyoyi, wannan shi ne gundar tutu. Bayan 'yan kwanaki sai su kumbura su zama jajayen ƙwallaye masu laushi kamar an rataye su da hannu, wato tutu, wanda muna yara mukan tsotsa saboda zaƙin ruwansa. Kowane tutu tarin ƙananan furanni ne masu yawan gaske da suka haɗu wuri ɗaya, kuma da dare jemagu suke zuwa shan wannan ruwa, suna ɗaukar garin fure daga wata bishiya zuwa wata, da safe kuma zuma ta karɓe su. Wanda yake jifan jemage a kan ɗorawa, daddawar baɗi yake jifa bai sani ba. Idan tutu ya kaɗe sai sabada ta fito, siraran 'ya'ya masu taushi, ta girma ta zama garda, sannan ta nuna a sami garin da ya ba mu sunan ruwan ɗorawa, a sami kalwa ta daddawa, a sami makuba ta daɓe da shafen katanga. Itace ɗaya ke nan, amma kowane mataki na rayuwarsa Bahaushe ya raɗa masa suna, kuma mutanen da ba su kallon abu da kyau ba za su yi masa irin wannan raɗin suna ba. Kakanninmu sun kalla. Mu ne muka daina.

Ɗaukar hoton tutu ya ba ni wahala shekara biyu. Yana sama, iska tana kaɗa shi, kuma idan ka ɗaga waya ka fuskanci sararin sama da rana tsaka, sai ya fito baƙi ƙirin kamar dunƙulen gawayi. Sai a shekara ta uku na gane cewa hazo, wanda kowa yake kuka da shi, abokin mai ɗaukar hoto ne, domin yakan tace hasken rana ya rage masa kaifi, inuwa ta yi laushi, ja ya fito a jansa. Na sami wata ɗorawa a gefen wani ɗan tudu, na hau tudun da hantsi, rana tana bayana, har tutun ya zo daidai fuskata, duhun ganyen wata tsamiya kuma ya zame masa bango. Wannan hoto shi ne na fara wankewa na manna a zaure, kuma har yau baƙo ba ya shigowa ya fita bai tsaya a gabansa ba.

Da bazara, sa'ad da zafi ya kai inda ya kai, darbejiya takan saki ƙananan fararen furanni waɗanda ido ba ya kula da su, sai dai hanci, musamman bayan magariba idan iska ta kwanta. Wannan yana cikin abin da hoto ba ya iya ɗaukowa, shi ya sa nake rubuta shi a littafi. Marga takan zubo da furanni ruwan ɗorawa, zarara-zarara kamar an rataya mata sarƙoƙi. Kariya kuwa, mai kumburarren gindi, takan tsaya babu ganye ta fitar da furanni ruwan hoda masu jan baki, a lokacin da ko ciyawa ɗaya babu a fili. Ina jan kunnen duk wanda zai shuka ta cewa ruwan jikinta dafi ne, saboda haka a nisanta ta da wurin wasan yara da turken dabbobi, a kuma wanke hannu bayan an yanke reshenta. Ita ma tumfafiya, wadda muka raina saboda ta cika bakin hanya da kangon gona, duk wanda ya durƙusa ya dubi furenta kusa zai ga ƙaramin tauraro mai kusurwa biyar, fari da shunayya a baki, an tsara shi kamar aikin maɗinkin hula.

Ruwan farko yana sauka sai al'amura su riƙa sauri, har mutum ya rasa wanda zai fara bi. Albasar kwaɗi, wadda ta kwana rani a ƙarƙashin ƙasa ba a san da ita ba, takan faso a bakin fadama da manyan fararen furanni masu jan zane a tsakiya, kuma idan ka ce sai jibi, to ka jira baɗi. A wannan lokaci ne kuka take huda. Furenta yakan rataye da kai ƙasa a kan doguwar igiya, ya buɗe da faɗuwar rana, jemagu su ziyarce shi cikin dare, kafin wata magaribar ya riga ya yi laushi ya fara faɗuwa, abin da ya sa mutane da yawa ba su taɓa ganinsa a kan uwarsa ba sai a ƙasa. Domin in same shi a buɗe, sai da na fita bayan sallar isha'i tare da ƙaramin ɗana, shi yana riƙe da tocila yana haska shi daga gefe, ni kuma na kashe fitilar waya, domin haskenta yakan wanke farin fure ya bar shi ba siffa. Mun sa takalma masu rufi, mun tafi da sanda, saboda gindin kuka da damina ba ya rasa maciji ko kunama.

Cikin marka, gonar kowane talaka lambun furanni ce, sai dai mai ita yana duƙe a kan fartanya. Wake yakan buɗe da sassafe ya rufe kafin rana ta take. Gyaɗa tana da ƙaramin fure ruwan ɗorawa a kusa da ƙasa, wanda idan ya yi yaushi sai wani ɗan tsinke ya fito daga gurbinsa ya sunkuya ya shige ƙasa, a can ƙwayar take ƙulluwa, kuma na ɗauki wannan tafiya kwana-kwana har na tara hoto goma sha biyu waɗanda, da ina aji har yanzu, sun fi mini duk wani zane a allo. Auduga takan buɗe fara-fara da safe, washegari ka tarar ta koma ja-ja. A kan darnina kuma kabewa da duma suna karɓa-karɓa: kabewa ta buɗe manyan furanninta ruwan ɗorawa da asuba, duma ya jira la'asar sakaliya ya buɗe nasa farare. Dukkansu biyu suna da fure namiji da mace a jikin yaɗo ɗaya, kuma macen ita ce mai ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta. Uwargidana ta daɗe tana ɓacin rai idan ta ga furen kabewa yana zubewa bai ƙulla ba, sai da na nuna mata hotunan biyu gefe da gefe ta ga cewa mazan ne suke zubewa bayan sun gama aikinsu.

Akwai fure ɗaya da nake ɗauka da nauyin zuciya, shi ne na wuta-wuta, wanda wasu suke kira ƙuduji. Duk wanda ya ga gonar dawa ko gero wajen Satumba ta yi jere da waɗannan furanni masu launi tsakanin ruwan hoda da shunayya zai ce babu abin da ya fi su kyau a karkara, kuma na taɓa ganin baƙi sun tsayar da mota a bakin titi suna ɗaukar hoto a cikinsu suna murna. Mai gonar kuwa ya san abin da yake gani. Wannan tsiro yana manne da saiwar hatsi a ƙarƙashin ƙasa yana tsotse ta tun kafin ya fito fili, tushe ɗaya yana zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, irin kuma yana iya kwanciya shekaru a cikin ƙasa yana jiran ya ji saiwar dawa kusa da shi kafin ya tsiro. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ba ta samun taki. Ina ɗaukar hotonsa, in rubuta ranar da na fara ganinsa da gonar da na gan shi, sannan in tuge shi in ƙone kafin ya zubar da iri. Da hoto ne na nuna wa maƙwabtana cewa wanda yake kama wake wani iri ne dabam, gajere, mai ƙananan furanni da ba su kai na dawa haske ba. A nan ne na fara ganin cewa wannan aiki ya wuce abin faranta ido.

Na je ƙasar Haɗeja sau biyu domin bado. Farin bado da dare yake buɗewa, ya rufe idan hantsi ya ɗaga, saboda haka sai ka kwana kusa ka shiga kwalekwale tun da jijjifi. Masunta sun nuna mini wuraren da a da ruwa yake shimfiɗe da bado, mata suna tono saiwarsa da 'ya'yansa domin abinci, yanzu kuwa kacalla, wata doguwar ciyawar ruwa, ta cinye su, ta toshe hanyoyin ruwa, tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ambaliya take zuwa tana komawa. Da a ce wani ya ɗauki hoton waɗannan wurare shekara arba'in da suka wuce, ya rubuta rana da suna, da yau muna da abin ajiyewa gefe da gefe a gaban masu iko, gani kuwa ya kori ji.

Da kaka, yakuwa takan buɗe furenta mai jan ciki na yini ɗaya, kuma abin da muke jiƙawa mu sha a matsayin zoɓo jan ƙoƙon da yake riƙe da furen ne, wanda yakan yi kauri bayan furen ya faɗi. Jiharmu tana cikin manyan masu noman zoɓo da riɗi a ƙasar nan, buhunansu suna fita ta kasuwanni irin ta Maigatari har ƙasashen waje, amma da wuya ka ga hoton furen ɗayansu a shafin jarida, sai dai hoton buhu. Sannan gawo, wanda ya yi damina tsirara kamar matacce, yakan yi sabon ganye ya fitar da huda mai ƙamshi daidai lokacin da sauran itatuwa suke shirin zubar da nasu.

Ga mai son farawa, ba a bukatar babbar kyamara. Wayata ta talaka ce, kuma a wurin mai caji nake cika ta idan hadari ya hana ɗan faifan solar gidana aiki. A goge gilashin kyamara da gefen riga kafin kowane hoto, domin ƙurar hunturu da maiƙon hannu su ne suke sa hoto ya yi dishi-dishi. A fita tsakanin fitowar rana da hantsi, lokacin da raɓa take kan ganye, iska kuma ba ta tashi ba. A matsa kusa da ƙafa maimakon a jawo hoton da yatsa, a taɓa furen a fuskar waya har ya fito sarai, a riƙe numfashi, sannan a danna. Idan bayan furen ya cika da tarkace, baƙin zane ko tsohuwar riga mai duhu da wani zai riƙe a baya ta wadatar. Ni kowane tsiro hoto uku nake yi masa: ɗaya daga nesa a ga tsayinsa da inda ya tsiro, ɗaya na ganye da reshe, ɗaya na furen kansa da tsinken ashana ko yatsana a gefe domin a gane girmansa. Kuma ba na shiga gonar mutum ko in ɗaga waya ta kan katangar gidan wani sai na nemi izini, domin wayar da aka ɗaga kusa da gidan aure tana iya jawo zargin da furen bai kai ba.

Wajibi ne kuma in faɗi asarar da na yi, don kada wani ya maimaita ta. A shekara ta biyu wayata ta lalace, na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya goge duk abin da ke cikinta ba tare da ya tambaye ni ba, hotunan damina guda da rani guda suka tafi. Abin da ya rage mini shi ne littafin. Tun daga ranar nake kwafe hotuna a kan memori biyu, in tura wa ɗana na Kano wasu ya ajiye, waɗanda suka fi soyuwa gare ni kuma in wanke su a takarda. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage wa hoto kaifi.

Na sha jin ana cewa wannan aikin wanda ba shi da abin yi ne, kuma mutumin da yake fama da tsadar taki da kuɗin makaranta ba shi da lokacin kallon fure. Ban raina wannan magana ba, domin ni ma manomi ne, na san ciwon. Amma minti goma da safe a kan hanyar gona ba su hana noma, kuma Alƙur'ani mai girma da kansa ya ja hankalinmu ga lambuna masu ƙayatarwa da ruwan sama yake tsirarwa, kamar yadda ya zo a aya ta 60 cikin Suratun Namli, ya kuma kafa hujja da busasshiyar ƙasa wadda take motsawa ta kumbura ta fitar da kyawawan tsirrai idan ruwa ya sauka, a aya ta 5 cikin Suratul Hajji. Masu taka-tsantsan game da hoto ma ba su da damuwa a nan, tunda an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ni dai na shaida cewa tun da na fara, na fi sanin gonata, na fi sanin lokacin da zan ɗora amya, kuma nakan dawo gida da zuciya mai sanyi.

Dalilin da ya sa na kawo maganar gabanka, Malam Edita, shi ne itatuwan suna tafiya, sunayen kuma suna bin su. Daga cikin ɗorawa tara da na fara ɗauka a gonakin ƙauyenmu, uku sun zama gawayi da turame, kuma ban ga ƙaramar ɗorawa ko ɗaya da take tasowa a madadinsu ba, saboda awaki da garma ba su barin tsiro. Ana ƙoƙarin dashen itatuwa a ƙarƙashin shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa, wanda ya ratsa Jigawa da Kano, kuma abin a yaba ne, amma mutum ba ya tsare abin da bai san sunansa ba. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya zauna da kakanninmu ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi tun 1916. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, kowannenmu yana yawo da kyamara a aljihu, dattawan da suka san sunayen kuma suna raguwa kowace shekara. Littafina shaidar ƙauye ɗaya ce kawai. Idan aka sami mai irin wannan rubutu a Gumel, wani a Birnin Kudu, wani a Ɗambatta, wani a Rano, to cikin 'yan shekaru za mu san ranar da tutu yake fitowa a kowane yanki, mu ga ko lokacin yana gusawa, mu kuma ga sunan da kowace ƙasa take kiran tsiro ɗaya da shi, kamar yadda darbejiya take dogon yaro a wani wuri, maina a wani.

Roƙona shi ne ku ware ɗan gurbi sau ɗaya a mako, ko da faɗin tafin hannu ne, a jarida da kuma shafinku na intanet, ku riƙa buga hoton fure ɗaya da mai karatu ya aiko. Sharaɗin kawai shi ne ya zo da sunan tsiron na Hausa, da garin da aka ɗauka, da ranar da aka ɗauka, da layi biyu a kan abin da mutanen wurin suke yi da shi. Idan mai aikowa ya rasa sunan, a buga hoton a tambayi masu karatu, na tabbata wata tsohuwa a wani ƙauye za ta faɗa wa jikanta ya rubuto. Malaman aikin gona da na ilimin tsirrai a jami'o'inmu na Kano da Dutse suna iya ƙara sunan kimiyya a ƙasa. Ina kuma kira ga 'yan'uwana malaman firamare da suke bakin aiki da su yanko shafin su manna a bangon aji, sannan su fita da yara su nemo tsiron da ƙafarsu.

Na haɗo da hotuna uku tare da wannan wasiƙa: tutun da na ɗauka daga kan tudu, kumbalin da muka haska da tocila, da furen wuta-wuta a gindin dawa, kowanne da ranarsa a rubuce. Gawon da ke gabas da gonata ya fara toho a makon jiya, kuma idan Allah Ya kai mu ya yi huda, zan aiko da nasa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin firamare,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa.